Bandejin da Ke Ƙirjin Takwara

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya tsare ku a ƙasar da kuke baƙunta, Ya sa albarka a cikin neman da ya kai ka can, Ya raba ku da sharrin mutum da na ciwo. Mu nan sai godiya. Ƙafafuna suna nan yadda ka bar su, da safe kumburin ya sauka, da yamma ya dawo har takalmi ya ƙi shiga. Idon hagu ya kusa yin sallama da ni, na dama ne yake ta fama shi kaɗai. Ƙanwarka tana aiko da abinci, yawanci a hannun mai babur, don ita kanta ganinta ya yi wuya tun da suka koma sabon gida. 'Ya'yanta lafiya lau, babbar ta gama makaranta. Tela maƙwabcina shi zai ɗauki hoton takardar nan ya tura maka ta waya. Na sa ya yi alkawari ba zai karanta ba, ya ce ko ya so ba zai iya ba, wai rubutuna na akawun gidan waya na zamanin da sai ka ce tururuwa ta faɗa tawada ta fito. Kai ka iya karanta shi, don a kansa ka koyi karatu.

Na ɗauki alƙalami ne saboda numfashina ba ya kai ni ƙarshen magana idan raina ya ɓaci, kuma a yau raina a ɓace yake ƙwarai. Kai kuma tun kana yaro ba ka barin mutum ya kai aya, sai ka tare shi da naka bayanin. Takarda ba ka da yadda za ka katse ta. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, in ya so ka yi fushinka daga baya.

Maganar ɗanka ce, na farinka, wanda ka sa wa sunana, Takwara. Tun da mahaifiyarsa ta rasu ka tafi neman abinci, a gabana ya girma, kuma yanzu da ya zama mutum ya kama ɗakinsa, shi kaɗai ne a zuri'ar nan yake tako ƙafa ya zo ya zauna da ni ba don an aiko shi ba. Idan ya tashi daga gidan burodin da yake aiki, nan yake biyowa da burodi mai zafi a leda. Shi yake yanke min farcen ƙafa da ba na iya sunkuyawa in kai gare shi, shi yake yi min aski, shi yake sauya wa rediyo batir, yana tsokanata wai tsohon nan ya ƙi tafiya ya bar masa kujerar bakin taga. Ni kuma in ce masa ya fara nemo mata tukuna kafin ya nemi gadon kujera. Duk sanda na taɓo maganar mata sai ya yi dariya ya sauya zance. Na daɗe ina ganinsa da riga a kan riga ko ana tsananin zafi, yana tafiya a duƙe, kafaɗunsa sun tattaro gaba. Na ɗauka tafiyar dogayen mutane ce, tun da kai ma haka kake ranƙwafawa.

Ranar da na san gaskiya, da azahar ce. Ina zaune na ji mota ta tsaya a ƙofa, sai ga mai gidan burodin da direban da ke raba musu kaya sun shigo da shi a riƙe, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Suka ce ya yanke jiki ya faɗi a bakin tanderu, da kaɗan goshinsa ya daki ƙarfen ƙofar, kuma ɗakina ne mafi kusa. Kai ba ka taɓa shiga wurin aikinsa ba, ni na shiga daga baya. Ɗaki ne mai gajeren rufin kwano, tanderu biyu suna ci, taga ɗaya tak can sama. Duk mazan da ke ciki daga su sai gajeren wando, gumi yana zuba kamar an kwara musu ruwa. A cikin wannan wuta ɗanka yake yini da singileti da riga da wata rigar a sama. Da mutanen suka tafi na ce bari in sassauta masa kaya ya sha iska. Na cire riga, na cire ta biyu, na ɗaga singileti, sai na tarar da bandeji, irin faffaɗan nan da ake ɗaure targaɗe, an naɗe shi zagaye da ƙirji an ja tamau, har haƙarƙarinsa ba su da wurin motsi. Da na fara warwarewa ya manne da fata, sai da na jiƙa da ruwan ɗumi. A ƙarƙashi fatar ta saɓule, wani wurin ya yi ruwa, wani wurin tsohon tabo ne baƙi. Kuma ga abin da ake ɓoyewa: nono ne sosai, guda biyu, irin na budurwa, a ƙirjin namiji mai gemu. Yana buɗe ido, kafin ya nemi ruwa, kafin ya tambayi inda yake, hannuwansa biyu ya kai ya rufe ƙirjinsa. A gabana, ni da na yi masa wanka yana jariri.

A ranar ya faɗa min komai, kansa a ƙasa. Ya ce abin ya fara ne tun lokacin balaga, ya yi ta jira ya baje kamar na sauran yara, bai baje ba. Saboda shi ya bar ƙwallo, don ana raba 'yan wasa masu riga da marasa riga. Saboda shi ba ya wanka a gidan hayar da yake sai ya tabbata tsakar gida ba kowa. A wurin aiki kuwa wata rana rigarsa ta jiƙe ta lafe a jiki, tun daga nan ba su sake kiransa da sunansa ba, sai Hajiya. Idan madarar kwaɓi ta ƙare sai wani ya ɗaga murya ya ce kada a wahala zuwa kanti, ga Hajiya nan ta taimaka. Wani mai murza fulawa har rigar mama ya sayo ta gwanjo ya rataye masa a ƙusar da yake rataye jakarsa, aka yi ta shewa, shi ma ya yi dariya tare da su don kada a ce ya ji haushi. Daga nan ya sayi bandeji. Na tambaye shi ko ubansa ya sani. Ya ce ka sani. Ya ce zuwanka hutu na ƙarshe ya tara ƙarfin hali ya nuna maka, ka kai yatsa ka latsa kamar mai taya tumatir a kasuwa, ka yi dariya ka ce ƙiba ce da cin burodin banza, ya rage ci ya riƙa ɗaga ƙarfe. Da ka koma kuma ka aiko masa da wani gari a babbar roba da ƙwayoyi a kwalba, masu hoton ƙaton mutum ya murɗe damtse, ka ce ya sha su mayar da shi namiji. Ya ce ya sha bai taɓa tsallakewa ba, don kai ka aiko.

Da ya ɗan warke na ce mu tafi babban asibiti. Ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Na ce to ni zan je in faɗi a ƙofar asibitin, in ya so a ce jikana ya bar ni na tafi ni kaɗai. Haka muka ɗauki tasi, ni da sandata da shi. Rabona da fita unguwar nan na manta. Muka yanki kati, muka zauna a benci tun hantsi, likitan farko ya duba shi ya tura mu gwajin jini, daga can aka tura mu ɗaukar hoton ƙirji, irin wanda ake shafa wa mutum mai sanyi a goga masa na'ura. Sai aka ce mu koma wata rana ɓangaren da ake duba ciwon nono. Ɗana, ka san ko su wa ke zaune a wannan baranda? Mata ne zalla, layi biyu, wasu da goyo. Mu kaɗai ne maza. Takwara ya zauna a ƙarshen benci kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata dattijuwa mai yawan magana ta leƙo ta ce, Baba, matar wa kuka kawo a cikinku, ta shiga ciki ne? Na ga gumi ya karyo wa yaron nan, sai na ce mata ai ni ne marar lafiyar, tsufa ya gama da ko'ina ya dawo ƙirji, wannan jikana ne ya rako ni. Ta ce oh, Allah Sarki, ashe maza ma suna yi. Na ce ƙwarai kuwa, ba ku kaɗai aka raba wa ba. Matan suka yi dariya, wata ma ta matsa ta ba ni wurin jingina. Da nas ta kira suna muka tashi tare, tun da sunan namu ɗaya ne, ba wadda ta gane ko wane ne a cikinmu.

Likitan tiyatar mutum ne mai natsuwa, bai yi dariya ba, bai zaro ido ba. Ya duba shi a bayan labule, ya karanta sakamakon gwaji, sannan ya zaunar da mu ya yi bayani da harshen da ni ma na gane. Ya ce wannan ba ƙiba ba ce. Ya ce kowane namiji yana da ɗan ƙullin nama a bayan kan nono, lokacin balaga yakan kumbura wa samari da yawa, a yawancinsu ya koma da kansa, a wasu kuma ya zauna. Idan ya daɗe ya yi tauri, to ba yunwa ba ɗaga ƙarfe ba shafe-shafe da zai kawar da shi, sai a cire. Ya ce ba daji ba ne, mu gode wa Allah, kuma lafiyarsa ta ɗa namiji ƙalau take, zai yi aure ya haihu in Allah Ya so. Sai ya tambaya ko yana shan wani magani. Takwara ya ce babu, sai dai abin da babansa ya aiko. Ya zaro kwalbar daga jaka. Likitan ya juya ta ya karanta ƙananan rubutun da ke baya, ya cire tabarau ya ajiye a tebur, ya tambayi tun yaushe. Takwara ya faɗa masa. Sannan ya ce irin waɗannan ƙwayoyin na masu son kumbura damtse, jiki yakan juya wani kaso nasu ya koma sinadarin mata, su suka ƙara wa abin girma da ciwo, kuma sun fara taɓa hanta. Ya ce wanda ya ba shi bai kyauta ba. Takwara ya yi maza ya ce ai bai sani ba ne, da kyakkyawar niyya ya aiko. Ka ji ɗanka. Ana nuna masa abin da ya cuce shi, shi kuma yana kare wanda ya aiko da shi.

Ban rubuto maka a lokacin ba. Na ce kuskure ne, kowa yana yi, kuma ba na so in ɗora maka nauyi kana nesa. Likita ya hana shi ƙwayoyin, ya hana bandeji, ya ce a jira hanta ta huta. Muka yi watanni muna zarya, wani zuwan sai Takwara ya goya ni a matakalar asibitin don na'urar hawa ta lalace. Mai gidan burodin, Allah Ya saka masa, ya mayar da shi wajen ɗaure burodi a leda inda ba wuta, ya kuma ja wa masu bakin nan kunne. Daga ƙarshe jini ya yi kyau, aka ba shi ranar da za a yi masa tiyata, Talatar da ke tafe ta sama. Likita ya ce za a yi masa allurar barci, a ɗan tsaga gefen baƙin da ke zagaye da kan nono, a cire ƙullin a ɗinke, ya kwana ɗaya a sallame shi, ya sa wata matsattsiyar riga ta asibiti na 'yan makonni, shi ke nan. Ranar da muka fito da wannan labari, a cikin tasi yaron nan yake tambayata wai wace irin riga ce ta fi kyau da dogon mutum. Ya ce yana so ya sayi shat fara mai laushi, guda ɗaya, ya sa ta ita kaɗai ya bi titi. Abin da ɗanka yake buri ke nan a duniya, ya sa riga ɗaya.

Sai ƙanwarka ta ji. Ban san wa ya gaya mata ba, amma na san abin da ta gaya maka, don ta zo nan tana tafa hannu tana cewa wai na kai yaro a yi masa aikin da 'yan matan zamani suke yi don gyaran jiki, wai za mu zama abin nuni a dangin mijinta. Na ce ta fita min daga ɗaki. Ita ce fa ashe ta taɓa ba shi wani man shafawa mai yaji da ta sayo wurin masu tallar magani a mota, ya ƙona masa fata. Ita ba ta isa ta hana komai ba, ta sani, shi ya sa ta kira ka. Kai kuma ba ka kira ni ka tambaya ba, ba ka nemi jin abin da likita ya ce ba. Ka kira yaro. Yana nan ɗakina yana yi min aski, wayarsa kuma mai ƙara ce, na ji komai da kunnena. Ka ce mazan gidanmu ba sa kwanciya a yanka su don kwalliya. Ka ce wannan canza halittar Allah ne. Ka ce ya ci gaba da ɗaga ƙarfe ya yi addu'a, kuma za ka aiko da wasu ƙwayoyin da suka fi na farko ƙarfi. Ya buɗe baki zai yi maka bayani ka ce ya rufe maka baki. Sannan ka faɗi kalmar da ta sa na ɗauki alƙalami: ka ce in ya bari aka taɓa shi da wuƙa, ba ka yafe ba. Kafin in lallaɓo hannu in karɓi wayar ka kashe. Yaron nan ya tsaya da reza a hannu, rabin kaina da kumfa. Sannan ya ƙarasa askin tsaf, ya wanke rezar, ya share gashin da ya zuba, ya ce min sai gobe.

To bari in amsa maka ɗaya bayan ɗaya, tun da shi ka hana shi. Ka ce canza halitta ne. Ɗaga hannunka na hagu ka dubi gefen ƙaramin yatsa. Wannan ɗan tabon da kake gani, da cindo aka haife ka, yatsa na shida yana reto. Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ta yi ta kuka tana cewa yara za su sa ka a gaba, ni na ɗauke ka a kafaɗa na kai ka asibiti aka cire. Bai hana ka numfashi ba, bai sa ka faɗi a bakin wuta ba, don kada a yi maka dariya kawai muka cire shi. Ka taɓa zuwa ka ce in mayar maka da yatsanka? Haƙoran gaban da ka sa a can, waɗanda kake washe mana a hoto, da su aka haife ka? Duk da haka ban tsaya a kan ra'ayina ba. Na sa tela ya riƙe ni har masallaci, na tambayi liman ba tare da na kama suna ba. Ya ce cire abin da ke cutar da mutum a jikinsa da zuciyarsa magani ne, kuma neman magani ba saɓo ba ne. Ya ce wanda yake da ciwo a rufe shi ya san nauyinsa. Kai a ina ka yi karatun da ya fi nasa?

Ka ce mazan gidanmu. Ni ne babban namijin gidan nan da ya rage, ban kuma tuna ranar da na naɗa ka mai magana da yawunmu ba. Ka san mazan gidanmu? Ɗaya tsoho ne da ba ya iya yanke farcensa. Ɗaya yana wata ƙasa yana aiko da umarni ta waya. Na ukun shi ne ya yi shekara da shekaru yana tsayuwa a gaban tanderu da ƙirji a ɗaure, ana kiransa Hajiya yana dariya, bai taɓa fashin aiki ba, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. A cikinmu ukun nan ka gaya min wanda ya kamata ya koya wa wani zama namiji. Ka ce mutane za su ji. Mutane sun riga sun gani, ɗana. Duk gidan burodin sun sani, direba ya sani, masu sayen burodi sun ji ana kiransa. Kai kaɗai ne kake zaton akwai sauran abin ɓoyewa, don kai ba ka nan. Abin da kake tsoro shi ne a ce ɗanka ne, ba wahalar da yake sha ba. Kuma ban da ƙarfin hali irin naka, mutumin da ya aiko da abin da ya ƙara ciwon ya taɓa hanta, shi ne zai ɗaga murya ya ce bai yafe ba? Wa ya kamata ya nemi yafiyar wani a nan?

Jiya Takwara ya zo. Tun daga yadda ya zauna a miƙe yana jan numfashi guntu-guntu na gane ya koma ɗaurin. Na ce ya ɗaga riga, ya ƙi. Ya ce yana so ya je asibiti ya ce su ba wani ranar, don akwai masu jira, bai kamata a ɓata musu wuri ba. Na ce masa ni ne uban ubansa, abin da ka ɗaure na kwance, ya je a yi masa aiki alhakin yana wuyana. Ya yi ɗan murmushi ya ce, Kaka, ya san ni na haifi Baba, amma shi Baba ne ya haife shi, kuma ba zai iya kwanciya a yi masa allurar barci da wannan kalma a kansa ba. Ya ce in bai farka ba fa? Da me zai je gaban Allah? Na yi faɗa, na buga sanda a ƙasa, na kira shi wawa, har tari ya sarƙe ni ya tashi yana bubbuga min baya. Bai sauya ba. Ya ce ya saba, zai iya ci gaba a haka. Abin da na samu kawai shi ne alkawarin ba zai je ya soke ranar ba sai jajibirinta. Ka ga irin ɗan da Allah Ya ba ka. Da marar kunya ne da tuni ya yi abinsa ka ji a bakin mutane. Biyayyarsa ce ta ba ka wuƙar da kake yanka shi da ita.

Saboda haka ga maganata, kuma ba shawara ba ce. Tun da ka girma ban taɓa ce maka dole ba. Ka zaɓi aikinka, ka zaɓi matarka, ka zaɓi ƙasar da za ka zauna, na sa albarka ko da raina bai so nisan ba. Yau ina ce maka dole. Ka kira Takwara kafin ranar nan. Ba saƙo ba, ba ta bakin ƙanwarka ba, da muryarka. Ka ce masa ka janye, ka yafe, ka sa masa albarka ya je a yi masa aiki lafiya. Ba kuɗinka ake nema ba, an riga an san yadda za a yi. Ba na ma cewa ka ba shi haƙuri a kan ƙwayoyin, ko da yake ya kamata, wannan tsakaninka da Ubangijinka. Kalmar da ka faɗa kawai za ka ɗauke.

Ni ba zan ce maka ban yafe ba. Na ga abin da wannan kalma take yi wa ɗa, ba zan ɗora ta a kan nawa ba ko me ka yi. Amma ka sani, in ranar nan ta wuce ba ka kira shi ba, kada ka sake kirana kana tambayar ya jiki. Ba zan ɗauka ba. Kada ka zaci abu ne mai sauƙi a wurina. Yini nake yi a ɗakin nan ba wanda ya ce min kanzil sai rediyo, kuma idan wayar nan ta yi ƙara na ga kai ne, murna ce take cika ni. Zan zauna in kalle ta tana ƙara har ta gaji. Ba zan iya yi maka hirar ƙafafuna ba alhali na san yaron nan yana can yana numfashi da rabin ƙirji saboda kai.

Ka gaishe min da surukata, ka ce mata na gode da rigar sanyin da ta aiko, ta yi min daidai. Ita mace ce mai hankali, ka ba ta takardar nan ta karanta in kana da ƙarfin zuciya. Ka shafa min kan 'yan biyu da autarku, ka ce kakansu yana sa musu albarka ko da bai taɓa ɗaukarsu ba. Ka gaishe da abokin aikinka da ya taɓa kawo min saƙo, na manta ban tambayi lafiyar mahaifinsa ba. Tela yana gaishe ka. Ƙanwarka ba mu yi magana ba tun ranar, amma na san da ta ce a gaishe ka.

Takwara bai san na rubuta ba. Jiya da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ka kira in gaishe ka, in ce maka yana nan lafiya, kada ka damu. To na isar da gaisuwar. Sauran saƙon kuwa ba zan isar ba, don ban saba yi maka ƙarya ba.

Allah Ya shirye ka, Ya tausasa zuciyarka.

Ni ne,
Mahaifinka.